Hayaƙin da Ɗalha Ya Tura Ramin Dila

Duk Bahaushen da ya zauna a Greensboro cikin shekaru goman nan ya san Ɗalha Sale, ko da bai taɓa zama da shi ba. Shi ne dogon nan mai tabon ƙuna a bayan hannun dama, wanda ke zuwa Juma'a da danshin wanka a kansa, ya tsaya can ƙarshen sahu. Malam Badaru, mai sayar da tsofaffin motoci a High Point Road, shi ya laƙaba masa Sarkin Karnuka, sunan kuwa ya bi shi. Ɗalha bai taɓa nuna ya ji haushi ba. Murmushi yake yi, ya sa takalminsa, ya kama hanyar Pleasant Garden, inda yake zaune.

A wani ƙauye kusa da Dambatta aka haife shi. Mahaifinsa mafarauci ne mai karnuka shida. Tun Ɗalha na shekara takwas yake bin ayarin farauta idan rani ya yi, da kere a hannu da goran ruwa a kafaɗa. Ya san yadda ake tare zomo, ya san yadda ake toshe wa gafiya ƙofofi a bar ɗaya a tura mata hayaƙi. Abin da mahaifinsa ya fi nanata masa kuwa shi ne haƙƙin kare. Karen da ya yi gudu dole ya ɗanɗana abin da ya kora. Kafin mutum ya ɗauki namansa sai ya farke ciki ya jefa wa karnuka nasu. Wanda ya hana kare rabonsa azzalumi ne, kuma karensa zai mutu a zuci tun yana tafiya da ƙafa huɗu.

A shekarar 1978 ya zo Amurka karatun aikin gona. Da hutun bazara ya zagayo, ya ga takarda a allon makaranta ana neman mai share ɗakin karnuka a wata gona kudu da gari. Abokansa suka yi dariya, shi ya tafi.

Karnuka arba'in da biyu ya tarar, manya, masu faffaɗan kunne, fari da ja da baƙi. Na wata ƙungiya ne ta masu farautar dila a kan dawakai. Dila dai Hausawan garin ke ce masa, amma ba irin na gida ba ne: ja ne wur, da wutsiya mai kauri, ƙarshenta fari. Mai kula da karnukan wani tsoho ne, Mista Coble, gajere, mai taunar taba, wanda yakan yini bai haɗa kalma ashirin ba. Ya tsaya yana kallo Ɗalha ya shiga cikin garken ba tsoro, ya buɗe bakin wani kare ya duba haƙora. Sai kawai ya miƙa masa tsintsiya.

Abin da Ɗalha ya sani game da wannan farauta, gutsi-gutsi ya tsinta. Wai daga Ingila kakanni suka zo da ita tun kafin ƙasar ta zama ƙasa. Wai mafarautan iri biyu ne: masu jar riga da ke bin karnuka a kan doki da safe, da talakawan tudu da ke sakin nasu su zauna suna sauraro, kowa na gane muryar karensa. Mista Coble ɗan na biyun ne da ya yi wa na farko aiki shekara talatin. Ya taɓa ce masa doka ba ta hana korar dila da karnuka, amma maganar tarko da bindiga kowace gunduma da nata tsarin, kuma abin da ya fi doka ƙarfi shi ne yardar mai gona. Idan manomi ɗaya ya kafa allon hana shiga, hanya ta yanke.

Ranar farauta mutane kan taru da sanyin safiya, dawakai na fitar da tururi ta hanci. Mista Coble ya busa ɗan ƙahonsa na tagulla, karnuka su bazu cikin kurmi. Can sai kare ɗaya ya ɗaga murya, sauran su amsa, dajin ya ɗauka gaba ɗaya. Ɗalha na biye a a-kori-kura yana buɗe ƙofofin shinge. A yi awa biyu, wani sa'in uku, ana gudu. Daga ƙarshe dila ya faɗa rami. Nan ne abin ke ɗaure wa Ɗalha kai. Karnuka na tono suna kuka, tsohon zai sauko daga doki, ya yi wata doguwar busa mai rawa, ya shafa kawunansu, ya kira su a koma gida. Ba mai tono, ba mai kunna wuta. Masu jar riga su tafi cin abinci suna raha.

Ɗalha bai tambaya ba, don a gidansu yaro ba ya tambayar babban mafarauci dalili. Shi ya ba kansa amsa: tsohon ƙarfinsa ya ƙare, masu dawakan kuma ba sa son ɓata riga. Yakan dubi karnukan a hanyar komawa, harshe waje, ƙafafu duk jini, ya ji tausayinsu ya cika masa ciki.

Wadda ta fi shiga ransa ita ce Juno. Shekararta bakwai, fara mai jan kunne ɗaya, murya kamar ana kaɗa ƙwarya a cikin rijiya. Ita ke fara samun sawu, kuma idan ta yi magana garken duka sukan bar abin da suke yi su bi ta, don ba ta taɓa ɗaga murya a banza ba. Akwai kuma wani tsohon dila da ta sani kamar maƙwabci. Hanyarsa ɗaya ce kullum: ya fito daga kurmin bayan coci, ya hau katakon shinge ya yi tafiya a kai, ya faɗa rafi, ya ratsa tsakiyar shanun wani manomi don warinsu ya rufe nasa, sannan ya shige rami a ƙarƙashin wani rusasshen ɗakin busar da taba. Shekara shida Juno na bin sa.

A ƙarshen 1980, wata uku bayan matar Ɗalha, Hauwa'u, ta iso daga gida, doki ya ka da Mista Coble ya karye a cinya. Aka dakatar da farauta. Aikin fitar da karnuka shan iska kowace safiya ya koma hannun Ɗalha shi kaɗai, a ƙafa.

Ranar wata Talata cikin Janairu, wajen ƙarfe bakwai da rabi, rana ta fito sarai, Juno ta ɗaga murya a bakin kurmin bayan coci. Garken ya balle. Ɗalha ya san inda za a ƙare, sai ya yanke ta gajeriyar hanya. Ya tarar da su a rusasshen ɗakin, suna tono, Juno ta cusa kai cikin ramin har kafaɗa. Babu tsoho, babu masu jar riga. Ya zagaya ya sami ƙofa ta biyu, ya toshe ta da duwatsu. Ya tara busasshen ganye da ɗanyen reshe a bakin ta farko, ya ƙyasta ashana, ya cire hularsa yana fifita. Wutar ta lashe masa bayan hannu bai ma ji ba.

Dilan bai fito da gudu ba. Takowa ya yi a hankali ta cikin hayaƙin, gashin gefensa na ci da wuta, ya tsaya. Bai dubi karnukan ba, Ɗalha ya duba. Sannan suka rufe shi.

Juno ba ta shiga ba. Ta koma gefe ta zauna. Ɗalha ya yanko mata rabonta ya ajiye a gabanta, ta kau da kai.

Ya ɗauki wutsiyar ya kai wa Mista Coble har gado, yana jin kansa kamar ɗan da ya sauke wa uba nauyi. Tsohon ya daɗe yana kallon abin. Da ya buɗe baki, ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi cikin shekara biyu tsawo. Ya ce ba kisa suke fita yi ba. Gudun ake so, da muryar karnuka. Dilan da ya kai raminsa ya ci, busar nan da yake yi sallama ce, ana ce masa sai wani makon. Ya ce mahaifinsa ya kori kakannin dilan nan a wannan hanyar, kuma da rani shi da kansa yakan ajiye masa wuyan kaji a bakin rafi.

"Da wuta?" ya tambaya daga ƙarshe.

"Da hayaƙi, Baba. Haka muke yi a gida. Don karnukan na yi."

"Ɗauke wannan daga kan gadona, Dal."

Bai kore shi ba, bai kuma gaya wa 'yan ƙungiya ba. Ɗalha ya ce da ya kore shi da ya fi masa sauƙi.

Kwana tara bayan haka, da ƙarfe bakwai da rabi, Juno ta ɗaga murya a bakin kurmin bayan coci. Ɗalha ya yi murna, ya ce wani dilan ya gaji wurin. Garken ya bi ta kamar kullum. Amma kafin a kai shinge sai karnukan suka fara yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Suna sansana ƙasa, suna ɗaga kai suna duban juna. Ita kaɗai ta wuce, muryarta na nisa, ta bi shinge, ta faɗa rafi. Ya same ta a bakin ramin da ya ƙone, tana kuka cikin toka. Ya duba ƙasa da idon da mahaifinsa ya ba shi. Ba sawu, ba gashi, ba kashi. Gizo-gizo ma ya yi saƙa a bakin ramin.

Washegari haka. Jibi haka. Ko da ya bi da su ta wata hanya, lokacin na yi sai ta tsaya cak, kunnuwanta su motsa, ta juya.

Da Mista Coble ya fara takawa da sanda aka dawo da farauta, wani ɗan ƙungiya ya riƙe ƙahon. Asabar ta farko Juno ta janye garken duka daga sawun wani dila na gaske, ta kai mahaya ashirin bakin ramin da babu komai. Asabar ta biyu ma haka. Mutane suka fara magana.

Tsohon ya kira Ɗalha bayan ɗakin karnuka. Ya ce akwai ƙa'ida tun ta kakanni: karen da ke haushi ba sawu ba ya zama cikin garke, balle wanda sauran suka yarda da shi, don zai lalata ƙanana. Ba kuma za a ba wani ita ba, za ta tsinke igiya ta dawo, mota ta take ta a hanya. Ya ce ranar Juma'a da safe zai fita da ita shi da kansa. Ɗalha ya san abin da fita ke nufi. Ya taɓa haƙa ramin irin wannan fitar.

Ya ce, "Baba, ba haushin banza take yi ba."

"Ka ga sawu?"

"Ban gani ba."

"To."

A gida Hauwa'u ta lura ya daina cin abinci. Ita da ma tun zuwanta ta kafa masa doka: kayan aiki a baranda, wanka kafin ya taɓa ko da cokali. Da ya ba ta labari ta ce ita ba ta san abin da karya ke gani ba, ba ta kuma son sani, amma abin da ta sani shi ne ya ƙona rai da wuta ba don ci ba, sai ya nemi gafara ya yi sadaka. Ta dafa shinkafa tukunya guda, suka kai wa ɗalibai. Malam Badaru, da ya ji, dariya ya fara yi.

"Sarkin Karnuka, yanzu kai da digiri a gabanka, fatalwar dila ce ta hana ka barci? Ka bari tsoho ya yi aikinsa mana. Kare ne fa."

"Malam, ni na yi laifin, ita za a harbe."

Malam Badaru ya bar dariyar. Ya ce to ya roƙi tsohon abu ɗaya: kafin ya yi, ya bi ta sau ɗaya da idonsa, tun daga farko har ƙarshe.

Abin da Ɗalha ya roƙa ke nan, ya kuma samu, ba don tsohon ya yarda ba, sai don inda zai fita da ita ma ta wannan hanyar ne.

Juma'ar ta zo da sanyi mai tsanani. Raɓa ta daskare, filayen suka yi fari fat, irin farin da ko ɓera ya ratsa sai an ga inda ya bi. Sama garau, ba hazo, ba iska. Mista Coble ya tuƙa a-kori-kurar, bindiga a bayan kujera, Juno a tsakaninsu tana rawar jiki. A bakin kurmin Ɗalha ya buɗe mata ƙofa. Ta sauka ta tsaya. Ya dubi agogo: saura minti biyu.

Da lokacin ya cika ta ɗaga murya.

Suka bi ta gefen fili a hankali. Ta isa shinge, ta ɗaga hanci sama tana bin katakon, daidai tsayin da dila ke tafiya a kai. Farar raɓar da ke kan katakon ba abin da ya taɓa ta. Ta faɗa rafi, ta yi ƙasa da shi taki talatin, ta rasa, ta dawo, ta samu. Tsohon na tauna tabarsa. Ya zagaya da motar ta kan tudu ya tsaya inda ake hangen makiyayar shanun, ya kashe inji. Juno na can baya, ba ta ko fito daga rafin ba, muryarta kawai ake ji.

Shanun goma sha huɗu ne, suna tsaye a dunƙule suna cin busasshiyar ciyawa. Saniyar da ke bakin shinge ta ɗaga kai. Ba wajen muryar karyar ta duba ba. Ƙasa ta duba, kusa da ƙafafunta, ta ja da baya taki biyu. Sai ta kusa da ita ta yi haka. Sai ta gaba. Garken shanun ya tsage biyu a hankali, aka bar 'yar siririyar hanya a tsakiya, kawunansu na juyawa tare, daga hagu zuwa dama, suna raka wani abu da ido har ya fita ta ɗaya gefen. Wani ɗan maraƙi ya bi shi taki kaɗan yana miƙa hanci, uwarsa ta yi masa gurnani ya dawo.

Filin fari ne, rana na kansa. Ba komai a wurin.

Minti ɗaya bayan haka Juno ta fito daga rafin, ta ratsa ta cikin hanyar nan da shanun suka buɗe, ba ta kauce ko taki ɗaya ba. Sawunta kaɗai ya fito a kan raɓar.

Ɗalha ya ji yana karanta duk abin da ya zo bakinsa. Ya juya ya ga tsohon ya daina tauna. Hannunsa na kan makulli, amma sai da ya gwada sau uku kafin ya iya murɗawa.

A rusasshen ɗakin suka same ta, kai cikin rami. Mista Coble ya sauko da ƙyar. Ya miƙa hannu bayan kujera, Ɗalha ya runtse ido. Abin da ya ji shi ne ƙaho: doguwar busar nan mai rawa, ta sallama. Tsohon ya yi ta har numfashinsa ya ƙare. Juno ta zaro kanta, ta girgiza toka, ta zo ta zauna a ƙafarsa tana kaɗa wutsiya kamar kowace ranar farauta.

A hanyar komawa ya yi magana ba tare da ya dubi Ɗalha ba. Ya ce ba za ta ƙara fita da garke ba, za a ware mata ɗaki. Amma kowace safiya sai an fita da ita ta yi gudunta, kuma sai wani ya tsaya a bakin ramin ya yi busar, don ya lura ba ta barin wurin sai an yi. Ya ɗora ƙahon a cinyar Ɗalha.

"Kai ka kunna wutar. Ranar da ka fasa zuwa, ranar zan fita da ita."

Ɗalha bai fasa ba. Ya janye daga darussan safe, daga baya ya janye daga sauran. Ya kwashe Hauwa'u daga High Point Road suka koma wani ɗan gida a gefen gonar, tana mita tana shirya kaya. Abokan karatunsa suka gama suka koma gida, wasu sun zama manya a ma'aikatun gona. Da mahaifinsa ya rasu a 1983 bai je ba, a waya ya karɓi gaisuwa. Ranar da aka haifi 'yarsu Rumasa'u ma sai da ya bar asibiti ya je ya yi busar ya dawo. Ruwa ko ƙanƙara, azumi ko salla, ƙarfe bakwai da rabi yana bakin kurmin. Bai ƙara kallon wajen shanun ba. Yakan zagaya ta bayan tudu ya jira a ramin, idonsa a kan takalminsa.

Juno ta yi shekara huɗu da wata uku a haka. Gudun ya koma sassarfa, sassarfar ta koma tafiya, har ya zama hanyar da take yi cikin minti ashirin tana cin awa ɗaya da rabi. A watan Mayu na 1985 ya buɗe ɗakinta ya tarar ta mutu a kan ciyawarta, da tsufanta, ba wanda ya taɓa ta. Wajen haƙa mata rami, Mista Coble ya riƙe masa shebur suna karɓa-karɓa.

Tsohon ya rasu bayan shekara biyu. Ƙungiyar ta kwashe karnukanta zuwa wata gunduma mai sauran fili, don manomin shanun ya sayar, an yanka makiyayar an gina gidaje masu faɗin tsakar gida. Ɗalha bai bi su ba. Yana aiki yanzu a wani asibitin dabbobi, Hauwa'u kuma kullum tana maganar komawa gida.

A bara, bayan sallar layya, wasu ɗalibai uku da suka gama karatu suka kwana a gidansa don taya shi gyaran nama. Da safe, wajen ƙarfe bakwai da rabi, suna shan shayi a baranda sai karen gidan farko na sabuwar unguwar ya fara haushi. Ya yi shiru, na gida na biyu ya ɗauka. Sannan na uku, sannan na can gaba wajen rusasshen ɗakin, a jere, kowanne na karɓa daga na gabansa. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya yi dariya ya tambaya ko mai kawo wasiƙa ne. Titin a buɗe yake a gabansu, ba kowa a kai.

Ɗalha ya ajiye kofinsa, ya shiga ɗaki ya fito da ƙahon a aljihu. Hauwa'u ta ce masa daga kicin ya sa rigar sanyi. Ya ce su ci gaba da shan shayinsu, ba zai wuce minti ashirin ba.